Gandun da Ba a Nomawa

A shekarar da man fetur ya gagari kowa, har masu babur suka koma tura abinsu a hanyar Bici, a shekarar ne Malam Mika'ilu na Kanyar Tudu ya tafi yawon buɗe ido. Shi dai bai san yawon buɗe ido ya tafi ba, kuma a nan maganar take.

Gonarsa guda ce tak, a bayan gari, gefen hanyar Bagwai. Gandun ubansu ne, gonar gidan gaba ɗaya, aka yanka ta kashi bakwai ranar rabon gado. Abin da ya zo hannunsa, in ka tsaya a wannan iyakar ka yi atishawa, na waccan iyakar zai yi maka addu'a ba tare da ya ɗaga murya ba. Amma ita ke ciyar da gidan. Duk ranin nan shi da jakinsa suna kai mata taki, mangala bayan mangala, tunda takin zamani ya zama sai dai a gaishe shi a shago a wuce. Kafin hadari ya fara leƙowa, babu gonar da ta kai tasa baƙi a duk yankin.

Ɗansa na fari, Ja'afaru, malamin makaranta ne a Kano. Kun san mutanenmu da ɗan fari. Tun ranar suna Malam bai taɓa kiran sunan yaron ba, bai taɓa zama da shi sun yi hirar kirki ba. In zai yi masa magana sai ya kalli katanga ya ce, "A gaya wa wancan." Uwar, Inna Hure, "mai birni" take ce masa. Da Sallar da ta wuce Malam ya kalli katangar ya yi mata kukan ƙarancin ƙasa, wai 'ya'yan maƙwabcinsa Mati sun gangara kudu sun sari daji, yanzu masara suke aiko wa ubansu a mota. Ja'afaru yana tsugune ya ce, "In sha Allahu za a san abin yi, Baba."

Abin da Ja'afaru ya gani shi ne tsoho ya rame, tunani ya yi masa yawa, yana bukatar hutu. Yana da aboki mai aikin rakiyar baƙi a wani gandun daji can kudu, irin dajin da gwamnati ke killacewa don namun daji, mutanen birni su je su kalla. Sai ya ari mota, ya yi mako uku yana tara mai a jarka, ya bugo waya.

Wayar garin nan kuwa, sai ka hau kan turmi kafin ta kama. Abin da ya shiga kunnen Malam shi ne, "Baba, ku shirya kai da Inna, ranar Alhamis zan zo in kai ku gandu... daji... sai kun gani da idonku, a yini ana tafiya ba a ƙure shi ba." Daga nan ta yanke.

Da wani ɗan ne, da Malam ya sake bugawa ya ce, kai wane gandu, na wa, ƙasar iri wace ce? Amma ɗan fari ne. Ya sauko daga kan turmin a hankali, ya gyara hularsa, ya tafi sallar la'asar yana taku irin wanda ba a taɓa ganinsa da shi ba.

A ƙofar masallaci aka tarar da Nababa yana kukan da ya saba. Nababa mutum ne mai 'ya'ya tara, gonarsa kuma kwari ya cinye rabinta. Yana cewa bana bai san inda zai sa iri ba. Malam Mika'ilu ya yi gyaran murya.

"Nababa, je ka noma tawa bana. Aro na ba ka."

Mati ya ce, "Wacce taka? Wadda ka kashe bayan jaki a kanta?"

"Ita. Yaron nan ya samo mana gandu a kudu. Daji ne, sai an sare, amma wai a yini ana tafiya ba a ƙure shi ba. Ba zan raba ƙafa ba, damina ta ƙarato."

Nababa ya kama hannunsa da hannu bibbiyu, liman ya shafa fatiha, mutum goma sha wani abu suna kallo. Kafin magariba labari ya kai bakin rijiya, kafin isha gandun ya kai girman garin Kunci da kewayensa.

Inna Hure ce kaɗai ba ta yi guɗa ba. Ta ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, ka ga gandun ne da ka ba da gona?"

"Ɗan naki maƙaryaci ne?"

Mace ba ta zama ta yi shari'a a kan ɗanta na fari, yabo ko zagi. Ta ɗauki kwanonta ta fita.

Ranar Alhamis da hantsi mota ta tsaya a ƙofar gida, 'yar ƙarama, mai tari kamar tsohuwar tunkiya. Ja'afaru ne da matarsa Zulaihatu, ta sa baƙin gilashi ta riƙe waya kamar da ita aka haife ta, da 'ya'yansu mata biyu, Asama'u da Fadima. Malam ya fito da gatari a kafaɗa, da sungumi, dogon abin saran shuka, da wata jakar fata a rataye. A cikin jakar irin geronsa ne, wanda ya zaɓa zangarniya-zangarniya tun kaka.

Ja'afaru ya yi dariya. "Baba, me za a yi da sungumi kuma?"

Malam ya kalli katanga. "A gaya masa ba a shiga daji hannu rabbana."

Ja'afaru ya ɗauka tsoron maciji ne irin na tsofaffi, ya ƙyale. Aka zura sungumin ta taga, ƙotarsa a waje, suka bar gari yara na bin su da ihu.

Sun wuce Bici, sun ratsa Kano da hayaƙinta, suka miƙa kudu. Zulaihatu na nuna wa yara duwatsu, tana ce musu su kalli can, su kalli nan. Malam ƙasa yake kallo. Ya ga jigawar da ya sani ta ƙare, ƙasa ta yi ja, ta koma baƙa. Ya ga gonaki sun fara faɗi, mutum ɗaya a tsakiyar fili kamar ƙuda a faifai. Yatsunsa na ta motsi a kan gwiwa.

Bayan azahar suka shiga wani daji da titi ya ratsa ta cikinsa. Ja'afaru ya tsaya, suka bi wata 'yar hanya a ƙafa zuwa bakin kogi. Malam ya duƙa ya damƙi ƙasa, ya matse ta, ta dunƙule a hannunsa ba ta warware ba.

"A tambaye shi, nan ne?"

"A'a, Baba, wannan ai ƙarami ne. Namu na gaba."

Namu. Malam ya juya baya don kada a ga fuskarsa.

A bakin kogin nan ne Inna Hure da surukarta suka keɓe don alwala, Zulaihatu ta ce, "Inna, gobe in da rabo har giwa za ki gani, da ɓauna. Ba a bari ko kara a karya a wurin, sai dai kallo da hoto." Inna Hure ta dawo mota fuskarta kamar an aiko mata da rasuwa. Ta ce, "Malam, ina da magana." Ya ce ba a gaban yara ba. Ita dai ta ce ta sake gwadawa a masauki bai saurare ta ba. Waɗanda suka san Hure kuma sun ce ba ta sake gwadawa ba, so take ya ji da kunnensa, tunda shi ya rufe mata baki. Allah ne masani.

Washegari da sassafe suka isa ƙofar babban gandun. Masu gadi cikin koren kaya suka ce gatari da sungumi a nan za su tsaya. Malam bai yi musu ba, ya ce a ransa yau ai ranar duba ƙasa ce, sara sai gobe. Jakar irin dai tana ƙarƙashin rigarsa.

Abokin Ja'afaru, Muntaka, wani dogo mai yawan fara'a, shi ya shige gaba. Ya ce za su bi sawu ta cikin kurmi, su tsallake ƙorama, su hau wancan tsaunin, daga samansa ake ganin komai. Tafiyar awa biyu ce, ko Baba zai iya?

"A gaya masa ya ji da kansa," in ji Malam, ya manta cewa wannan ba ɗansa ba ne.

Suka shiga. Inuwa ta rufe su, sanyi na tasowa daga ƙasa. Muntaka na nuna tsuntsaye yana faɗin sunansu da Turanci, Zulaihatu na ɗauka a waya, yara na tsalle a kan saiwoyi. Malam na baya yana aikinsa shi kaɗai. Wannan maɗacin a bar shi, inuwa ce. Itatuwan ƙiryar nan a sare, turame ne. Gangaren nan dawa, can ƙasa kusa da ruwa shinkafa, ko ma rake. Ganye ya ruɓe a ƙasa shekara da shekaru, ƙafa na nutsewa a ciki. Sai ga wani tuli a tsakiyar hanya, ya kai girman kwando, yana tururi.

"Kashin giwa ne," in ji Muntaka. "Ba ta jima da wucewa ba."

Yara suka toshe hanci. Malam ya tsuguna ya fasa shi da tsinke, ya duba cikinsa da kyau.

"Wa ke kwashewa?"

"Ba kowa, Baba. Nan yake zama."

"Nan yake zama," Malam ya maimaita, yana girgiza kai. Ya tuna jakinsa da gyambon da mangala ta yi masa.

A hawan tsaunin aka ga abin mamaki. Ja'afaru na haki, Zulaihatu ta cire takalmi ta zauna sau uku, Inna Hure na jan ƙafa tana salati, tsoho kuwa ya wuce Muntaka ma, yana taka duwatsu kamar ɗan akuya. Shi ya fara kai wa sama.

Ya tsaya. Daji ne kore shar, daga ƙarƙashin ƙafarsa har inda sama ta sauko ta taɓa shi, gabas da yamma, kudu da arewa. Ba rufin kwano ko ɗaya, ba iyakar gamba, ba kunyar noma ko guda. Kogi na kwance a tsakiya yana ƙyalli. Mutumin da ya shekara sittin yana juya garma a filin da bai fi shimfiɗar tabarmin masallacin Idi ba, ya shiga auna dajin da ido.

Da Muntaka ya iso, Malam ya kama hannun rigarsa.

"Ɗana, daga ina zuwa ina ne namu?"

Muntaka ya yi dariya, ya buɗe hannuwa. "Duk naku ne, Baba! Na kowane ɗan ƙasa ne."

"Duk?"

"Duk, har inda idonka ya kai."

"To ni ba mai haɗama ba ne. Daga wancan maɗacin zuwa bakin ruwa ya ishe ni bana. In aka samu mutum biyar da gatari, kwana goma mun sare mun ƙone, ruwa na sauka mu yi shuka."

Dariyar Muntaka ta tsaya a rabi. Ya kalli Ja'afaru da ya iso yana share gumi, ya sake kallon tsoho.

"Baba, sara kuma? Ai wanda ya sare reshe ɗaya a nan sai ya kwana a hannun hukuma. Gandun daji ne. Na namun daji ne, giwaye da su ɓauna da birai. Ba a noma a nan."

"Ka ce nawa ne."

"Naka ne na kallo."

"Na kallo."

Malam ya saki rigar. Ya nemi dutse ya zauna. Jakar ta takura masa, ya ciro ta daga ƙarƙashin riga ya ajiye a gefe, yana kallon dajin. Zulaihatu da ba ta ji abin da aka ce ba ta ƙaraso da wayarta a sama tana cewa, "Baba, ku ɗan yi murmushi mana, wurin ya yi kyau!"

A daidai nan wani gwaggon biri, ƙato, mai jan gindi, ya diro daga bayan dutse, ya suri jakar, ya haye wani reshe da ke saman kwazazzabo. Ya zauna ya gyara zama kamar mai gari, ya yage bakin jakar da haƙori, ya fara ɗiban gero yana watsawa a baki, rabi na zuba cikin ramin. Yara suka fashe da dariya har da faɗuwa. Zulaihatu na biye da shi da waya tana cewa wayyo cikina.

"Mene ne a jakar?" in ji Ja'afaru.

Inna Hure ta kalli gefe, ta ce wa iska, "Iri ne. Gonar gida kuma an ba Nababa aro, a gaban liman."

Ja'afaru ya tsuguna a gaban uban, abin tausayi, ya ce, "Baba, ni hutu na kawo ka. Gandun daji na ce. Wallahi gandun daji na ce."

Malam bai kalle shi ba. Dutsen gabansa ya kalla. "A tambaye shi ko wayarsa na kamawa a nan. A kira min Mati."

Saman tsauni ne, ta kama tar, fiye da kan turmi. Muryar Mati ta fito kowa na ji. An yi ruwa jiya da la'asar, ruwan shuka sosai, har kwari ya kawo. Gari duk an watse gona. Nababa kuwa tun da aka idar da asuba yake can da matarsa da 'ya'yansa tara, sun kusa gamawa, yana ta sa albarka. "Yaya gandu, Malam? An fara sara?"

Malam ya miƙa wa Muntaka wayar, ya tashi ya fara gangara.

Da akwai wani gandun da Ja'afaru ya shirya kai su washegari, mai maɓuɓɓugar ruwan ɗumi, wai yana maganin ciwon gwiwa. Ba a je ba. Aka karɓi sungumi da gatari a ƙofa, aka juyo. Tafiyar yini guda babu mai tari sai motar. Sau ɗaya Ja'afaru ya ce zai je ya roƙi Nababa da kansa. Malam ya ce wa gilashin taga, "A gaya masa gonar da aka ba da aro, iri ya shiga cikinta, ta fita hannun mai ita sai an girbe. In a birni ba a sani ba, a nan an sani."

Abin da ba su sani ba, birin ya riga su isa gida. Zulaihatu ta tura wa ƙanwar mijinta da ke garin hoton mai motsi tun suna kan tsauni, ita kuma ta nuna wa maƙwabta, maƙwabta suka nuna wa masu shayi. Kafin motar ta shigo Kanyar Tudu, babu wanda bai ga gwaggon biri na cin irin Malam Mika'ilu ba, da Malam ɗin a gefe zaune a kan dutse kamar an dasa shi. Wasu matan sun kalla sau biyar.

Ja'afaru ya sauke su ya juya a ranar, ya ce zai riƙa aiko da abin da ya samu. Malamin makaranta, a wannan shekara, da shi da mata da 'ya'ya a gidan haya. Inna Hure ta ce Allah ya yi albarka, ta shiga ta leƙa rumbu, ta daɗe a tsaye a wurin.

Washegari da la'asar Malam ya fita masallaci, don rashin fita ya fi fitar muni. Ana idarwa Mati ya ce, "Sarkin Gandu, barka da hanya. An ce ka samu manomi a can, har ya karɓi iri." Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake rufewa da hannun riga.

Nababa bai yi dariya ba. Ya matso ya durƙusa, a gaban mutanen nan dai da suka shaida aron.

"Malam, na ji abin da ya faru. Gonarka ce, takinka ne. A raba ta biyu, ka ɗauki gefen da kake so, da shukar da ke ciki. Ni ban iya cin wannan ni kaɗai ba."

Magana ce ta mutunci, kuma rabin gonar nan da ya kai gidan Malam har tsakiyar rani. Liman ma ya gyaɗa kai. Malam ya dubi Nababa, ya dubi Mati da ke cizon leɓe, ya dubi samarin da ke bakin ƙofa da waya a hannu.

"Ni na ce maka ina so? Abin da na bayar na bayar. Me zan yi da rabin wannan ɗan mitsitsin fili, ni da na ga ƙasa? Riƙe abinka, kai ne mabukaci."

Nababa ya tashi a hankali, ya kaɗe gwiwarsa. "To, Malam. Na gode." Bai sake tayawa ba, kuma babu wanda ya ce ya sake.

Damina ta yi kyau a shekarar, abin haushi. Geron Nababa ya taso baƙi ƙirin a kan takin jakin Malam, masu wucewa zuwa Bagwai har tsayawa suke su kalla. Da hantsi gari kan zama ba kowa sai mata da awaki da Malam Mika'ilu a ƙofar gida, yana gyara ƙotar fartanyar da ba ta lalace ba.

Ranar da aka fara noman fari ya kasa zama. Ya zagaya ta bayan gari kamar mai zuwa wani wuri, ya tsaya a bakin iyaka. Nababa na duƙe da manyan 'ya'yansa, ƙasa na tashi. Malam ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Nababa, shukar nan ta yi kusa da juna. Gefen nan ba ya son haka, sai ka rage, in ba haka ba kara za ka samu ba zangarniya ba. Kuma ta gabas ake fara mata, ta nan ciyawa ke cin ta."

Nababa ya ɗago, ya share goshi da bayan hannu.

"Allah ya saka, Malam. Bana dai bari mu gwada tawa dabarar."

Ya mayar da kai ya ci gaba da noma. Malam ya ɗan ƙara tsayawa, sannan ya juya ya kama hanyar gida, rana ko tsaka ba ta yi ba.